An Kulle Inna ta Waje

Ranar da na fara ganin kwaɗo a ƙofar gidan ƙanena Auta, na ɗauka ba kowa a ciki. Har na juya zan sauka daga benen, sai na ji muryar mahaifiyarmu.

"Babba, ke ce? Ina nan ciki."

Ƙofa biyu gare su. Ta ciki katako ce, ta waje kuma ƙarfe ne mai sanda-sanda. Inna ta buɗe ta katakon, ta tsaya a bayan sandunan, ɗaya daga cikin 'yan biyun Auta a bayanta, ɗayan yana kwance a kan tabarma.

Na ce, "Inna, wa ya kulle ki?"

Ta yi dariya. "Masu gida mana. Sun ce hannuna ya cika saurin buɗe ƙofa."

A tsaye ta ba ni labari. Wata mata ce ta hau benen da goyo, ta yi sallama, ta ce a taimaka mata da ruwa. Inna ta shigo da ita falo, ta ce ta zauna ta huta, ta shiga kicin ɗebo ruwan. Kafin ta fito matar ta yi gaba, ta haɗa da kwamfutar Auta ta wurin aiki.

"Mutum ya yi sallama da goyo a bayansa, in ce masa me?" in ji Inna. "Ni ban taɓa ganin garin da ake tsoron mai jin ƙishirwa ba."

Na miƙa mata lemon da na kawo ta tsakanin sanduna, ɗaya bayan ɗaya, don ledar ta ƙi shiga. Na zauna a kan matattakala, ita ta jawo kujera. Haka muka yi hira, ni a waje, uwata a ciki.

Auta ne ya je har gida ya ɗauko ta, lokacin da hutun haihuwar matarsa, Uwar Biyu, ya ƙare za ta koma banki. Ya ce ta zo birni ta huta, ta sha fanka, ta ga jikoki. Ya ce wata biyu ne ko uku. Ta bar awakinta a hannun maƙwabta, ta ɗauko kaya kala kaɗan, don ba ta zo da niyyar zama ba.

Da yamma na jira shi a bakin get. Ya fito daga mota yana latsa waya.

"Auta, uwarka ka kulle kamar akuya?"

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Tsaro ne. Kin san abin da na sha a ofis a kan kwamfutar nan? Kuma da yaran matar ta ɗauka fa? Da me za ki ce?"

"To ka bar mata makullin a ciki, ka ce kada ta buɗe wa kowa."

"Inna ce fa. Ko kare ya yi sallama sai ta buɗe."

"To ni ka ba ni ɗaya."

"Nawa ɗaya, na Uwar Biyu ɗaya. In makulli ya yi yawa, gida ya zama kasuwa. Ki riƙa zuwa ranar hutu, ai muna nan."

Ranar hutu ni ma ina da wanki da 'ya'ya huɗu. Shara da goge-goge nake yi a wata makarantar kuɗi, in fita tun da safe, in tashi bayan azahar. Wannan ɗan tsakanin kafin in koma gida shi ne lokacin da nake da shi na ganin Inna, kuma shi ne lokacin da kwaɗon yake rataye. Sai na saba da matattakalar. Har na ajiye wani kwali a bayan bokitin shara, wanda nake shimfiɗawa in zauna.

Akwai wata mata a ɗakin da ke kallon nasu, Mai Ɗinki muke ce mata. Ita ce ta zama ƙawar Inna. Takan buɗe ƙofarta ta jawo kekenta kusa, suna hira tana ɗinki.

"Inna, yau ya gidan yari?" takan ce.

"Lafiya lau, 'yata. Ga ni ga mazajena biyu. Ba wanda ya taɓa saya min ko sabulu a cikinsu, sai dai su yi min fitsari a baya."

A farko ana dariya. Daga baya dariyar ta ragu.

Yaran suka fara rarrafe, suka fara tafiya, suka yi nauyi. Ɗaya ya nufi soket, ɗaya ya nufi banɗaki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana bin su daga ɗaki zuwa ɗaki tun fitar iyayensu har dawowarsu. Ita ce wanke kwalaben madara, ita ce wankin ƙananan kaya, ita ce ɗora abincin dare don masu aiki su dawo su tarar. Tana tsoron murhun gas kamar me, kullum sai ta yi bisimilla ta kau da fuska kafin ta kyasta ashana. Ba wanda ya ce mata ta yi waɗannan ayyukan. Ba kuma wanda ya ce ta bari.

Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Ta koma salla a zaune. Matar da a gida ba ta wuni ba tare da ta leƙa gida biyar ba, wadda in an yi haihuwa ko rashin lafiya a unguwa ita ake fara kira, ta koma ba ta taka ƙasa. A kicin akwai wata 'yar taga da rana take shigowa ta cikinta da hantsi, faɗinta bai fi faranti ba. Nan take kai kujera ta miƙa ƙafafunta.

"Shanya kaina nake yi," ta ce min. "Jikina duk ya yi sanyi kamar tulu."

Da damina ta kusa, ta ce wa Auta tana son ta je gida ta ga ɗakinta, kada ruwa ya rushe shi. Ya ce ta bari a biya su kuɗin hutu. Da aka biya, ya ce ta bari Uwar Biyu ta samu hutun shekara. Da ta samu, aka ce ai hutun na hutawa ne, wa zai riƙe yara ita ta huta? Damina ta zo ta wuce. Aka aiko cewa bangon ɗakin ya faɗi. Auta ya ce, "Kin gani ko, Inna? Da kina ciki fa? Allah ne ya sa kina nan."

Ciwon kai ya sa ta gaba. Na matsa sai da aka kai ta asibiti. Likita ya ce jininta ya hau sosai, ta rage aiki, ta riƙa fita tana ɗan tattaki, kuma kada a riƙa barin ta ita kaɗai. A gabana ya faɗa. Muna fitowa Auta ya ce, "Ai ba ita kaɗai ba ce, ga yara. Tattaki kuma tana yi, daga falo zuwa kicin ba tafiya ba ce?" Ya saya mata magani, ya ƙara da wani babban bargo mai laushi, ya ɗauki hotonta da shi ya tura wa dangi.

Na tare Uwar Biyu wata rana a matattakala. Ta dawo daga aiki, takalmanta a hannu, ledar cefane a ɗaya hannun, idanunta sun yi zuru-zuru.

"Ƙanwata, ke mace ce. Ba kya ganin halin da tsohuwar nan take ciki?"

Ta ajiye ledar ta jingina da bango. "Yaya, wallahi ina gani. Na ce masa mu kai su gidan reno, ya ce 'ya'yansa ba za su tashi a hannun bare ba alhali uwarsa tana da rai. In na matsa, ya ce to in ajiye aiki in zauna. Kin kuma san albashinsa shi kaɗai ba zai riƙe gidan nan ba. Ina tashi tun kafin asuba, ina dawowa ƙafata kamar ba tawa ba. Shi in ya dawo, wanka zai yi ya fita wurin abokai. Ko ɗaukar yaro ɗaya ba ya yi."

"To ba ni makullinki in kai a yanka min irinsa. Ba sai ya sani ba."

Ta sunkuyar da kai. "In ya gane, aurena ne, Yaya."

"Ita kuma ranta ne."

Ta ɗauki ledarta ta hau. Na ji tausayinta, ban ƙi ba. Amma makullin yana cikin jakarta, kuma da shi ta wuce.

Na yi magana da Baban yara. Ɗaki ɗaya da falo gare mu a gidan haya, mu shida. Ya ce, "Ɗauko ta. Mu sa labule a falo, yara maza su kwana a ƙasa. Aƙalla akwai tsakar gida da mutane." Ranar Asabar na je. Auta ya tafi kallon ƙwallo. Na haɗa wa Inna kayanta a jaka, tana zaune tana kallona, fuskarta ta yi haske kamar yarinya za a kai ta biki. Har ta sa mayafi.

Sai ga shi ya shigo. Ya dubi jakar, ya dube ni. Ya durƙusa a gaban Inna ya riƙe ƙafafunta, waɗannan kumburarrun ƙafafun.

"Inna, tafiya za ki yi ki bar ni? Me na yi miki? Abinci ne babu, ko magani? Ki bar gida mai fanka da firji ki koma ɗaki ɗaya, mutane su ce na kasa riƙe uwata? Jibi Litinin, wa zan bar wa yaran nan?"

Har da hawaye. Tun yana ƙarami ya san inda zai taɓa ta.

Inna ta dubi Auta. Sannan ta zare mayafin a hankali ta ninke.

"Babba, mayar da kayan. Bari su shiga makaranta tukuna."

"Inna, likita fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ƙaninki ne. In ban rufa masa asiri ba, wa zai rufa?"

Na ce wa Auta, "To na roƙe ka abu ɗaya. Ka cire kwaɗon nan."

Ya share ido ya miƙe. "Zan duba, Yaya."

Ranar Litinin na zo, kwaɗo yana nan.

Daga nan Inna ta rage magana. In na zo takan jawo kujera ta zauna, ta sa hannu ta riƙe sanda ɗaya, in ɗora nawa a kai. Wani lokaci ta tambaye ni yau wace rana ce. Wani lokaci ta tambayi awakinta, waɗanda aka riga aka sayar. Mai Ɗinki ta ce min in ta yi mata wasan gidan yari yanzu ba ta amsawa, don haka ta daina.

Ina cikin goge ajin 'yan ƙanana da hantsi wayata ta yi ƙara. Mai Ɗinki ce, tana ihu.

"Ki zo! Inna ta faɗi! Ina ganinta, ba ta tashi!"

Na jefar da tsumma na hau babur. Ban san yadda na hau benen ba.

Ƙofar katakon a buɗe take, don Inna takan bar ta saboda iska. Tana kwance a ƙasa tsakanin kicin da falo, a kan gefenta, bakinta ya karkace. Famfo yana zuba a kicin. Yaro ɗaya yana zaune kusa da kanta yana jan ɗankwalinta, ɗayan ya riƙe sandunan ƙofa yana tsala kuka. Idonta a buɗe yake. Ta gan ni. Na san ta gan ni, don yatsun hannunta sun motsa.

Na zura hannuna ta tsakanin sanduna har kafaɗa. Na kwanta a ƙasa na ƙara miƙawa har ƙarfen ya yanke ni. Ban kai ko tafin ƙafarta ba.

Mai Ɗinki ta riga ta kira Auta, wayarsa a kashe, yana taro. Ta kira Uwar Biyu, ba a ɗauka ba, don a wurin aikinsu a akwatin ajiya ake kulle waya. Na sauka da gudu wurin maigadi.

"Baba, kawo guduma mu fasa!"

Ya ja da baya. "Ni get aka ɗauke ni in tsare. In fasa ƙofar mutum ba da izininsa ba? Gobe a ce wani abu ya ɓace, wa za a kama? Sai dai a kira mai kula da gidan."

Aka kira mai kula da gidan, ya ce yana nesa, kuma ƙofar ba tasa ba ce, ɗan haya ne ya sa abarsa. Maƙwabta suka leƙo, yawancinsu 'yan aiki ne da aka bar wa gida, kowa yana salati, ba mai abin yi. Na fita titi ba takalmi, na samo mai walda a bakin hanya. Ya ce ba wuta, injinsa ba zai tashi ba. Ya ɗauko zarto da guduma ya biyo ni.

Kwaɗon mai tsada ne, irin wanda aka yi don kada ya ji guduma. Bai ji ba kuwa. Mai walda ya koma yankan ƙarfen da aka rataya shi. Yana yanka, gumi yana zuba, zarto yana ƙara, ni ina kwance a ƙasa ina kiranta.

"Inna, ga ni nan. Inna, saura kaɗan. Ki dube ni."

Tana dubana. Ruwan famfo ya cika kicin ya gangaro ya jiƙa zanenta. Ina kallo yatsun suka daina motsi, idon ya tsaya a wuri ɗaya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san rana ta bar tagar kicin kafin ƙarfen ya saki.

Mu huɗu muka sauko da ita. Rabonta da taka wannan matattakalar tun ranar da aka kai ta asibiti. A mota kanta yana kan cinyata, tana numfashi sama-sama. Kafin mu kai, ta cika.

Auta ya iso asibiti yana kuka kamar ransa zai fita, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Yana son uwarsa. Amma ko a ranar, da na ce masa, "Kwaɗonka ne," sai ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Kwananta ne ya ƙare." Na sani kowa da ranarsa. Amma ba Allah ne ya je kasuwa ya sayo kwaɗo ba.

Dangi suka zo gaisuwa daga gida, aka cika falon. An riga an cire ƙofar ƙarfen an jingine ta a bayan bene, ba wanda ya gan ta. Ina zaune ina jin su.

"Kai, Auta ya yi ƙoƙari. Ya riƙe uwarsa har ƙarshe."

"Ta more, wallahi. Dubi gida. Ba ɗiban ruwa, ba hura wuta."

Shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa, "Alhamdu lillahi, a hannunmu ta rasu."

Na haɗiye. Na ce ba zan tayar da hankali a kan gawar uwata ba. Sai da aka fara watsewa na hango shi ya matsa kusa da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda mijinta ya rasu, ita ma ba ƙarfi gare ta ba. Ya rage murya, amma na ji.

"Gwaggo, yanzu ke ce uwarmu. Ko za ki ɗan zauna mana, kafin mu ga yadda za mu yi da yaran nan? Uwar Biyu za ta koma aiki."

Gwaggo ta fara cewa, "To, ɗana, ai ba komai..."

Na miƙe. Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba.

"Gwaggo, kafin ki amsa, bari in gaya miki aikin da ake ɗaukar ki."

Na faɗa musu duka. Matattakalar da nake zama, da maganar likita, da jakar da aka sa na kwance, da famfo, da zarto. Na naɗe hannun rigata na nuna musu inda ƙarfe ya yanke ni. Na ce, "Ba a hannun kowa ta faɗi ba. A ƙasa ta faɗi, a kulle, 'ya'yanta biyu suna gari ɗaya da ita."

Uwar Biyu ta rufe fuska da mayafi. Wani kawunmu ya ce, "Haba Babba, ba yau ba. A rufa asiri."

Na ce, "Kawu, rufin asirin ne ya kashe ta."

Auta ya ce na tozarta shi a gaban mutane, kuma har yau ba ya gaishe ni. Washegari ni da kaina na ɗauki jakar Gwaggo na raka ta tasha, ban bar wurin ba sai da motarsu ta tashi.

Ban ce mace kada ta yi aiki ba. Ni ma aiki nake yi, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Birni ya kwashe mu mata ya kai ofis da kasuwa da gidajen mutane, to. Amma aikin da muka bari a gida bai bi iska ba. Dole wani ya yi shi. Mazan ba su karɓi ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya tambaye su dalili. Sai a waiwaya a nemo wadda ba za ta ce a'a ba, wadda ba ta da ranar hutu, wadda ko an zalunce ta ita za ta fara ba da uzuri. A ɗauko ta daga cikin mutanenta, a ɗora ta a saman bene, a ce an kawo ta hutu.

Yanzu in ina tafiya aiki da safe, sama nake kallo. Ku ma ku riƙa ɗaga kai. Za ku gan su a tagogi, tsofaffi da goyon jikoki, sun riƙe ƙarfe suna kallon titi. Kowace ɗaya tana da ɗa a wani ofis, yana gaya wa abokansa cewa shi ne yake riƙe da mahaifiyarsa. In kai ne, kada ka tambaye ta ko tana jin daɗi, don za ta ce maka lafiya lau. Tambayi kanka yaushe rabonta da taka ƙasa.

Allah ya jiƙan Inna. Ita ta yafe wa Auta tun tana da rai, na sani. Ni ban kai nan ba tukuna.